Yadda ake kula da tarantula, babban gizo-gizon nan mai gashi da ake kiwo, idan ta yi ƙwai, tun daga ranar farko har a raba 'ya'yan

Idan ka leƙa akwatin tarantularka ka ga ta rungume wani farin dunƙule na saƙa a ƙarƙashin bakinta, ta ƙi motsi ta ƙi abinci, to jakar ƙwai ce ta yi, kuma abu na farko da za ka yi shi ne ka mayar da murfi a hankali ka bar wajen. Kar ka haska ta da fitilar waya, kar ka ɗaga akwatin zuwa taga wai don ka gani da kyau, kar ka kira yaran gida su zo kallo. Na fara da wannan ne saboda da yawa daga cikin jakunkunan da ke lalacewa a hannun masu kiwo ba wata cuta ce ke kashe su ba, uwar ce da kanta ke cinye abinta in an takura mata, ta ji wajen ba aminci sai ta gwammace ta mayar da ƙarfin da ta zuba a ƙwan cikin jikinta. Wallahi abin akwai ciwo, wata guda kana jira ka wayi gari ka tarar da tsumman saƙa kawai a gefe.

Kafin ka manta, rubuta kwanan watan da ka fara ganin jakar, ka manna takardar a jikin akwatin. Duk lissafin da zai biyo baya daga wannan ranar ake ƙirga shi.

Sai tambayar da kowa ke yi, wai ta ina ta samu ƙwai alhali ita kaɗai ce a akwati? Abu biyu ne. Macen tarantula tana da wata 'yar ma'ajiya a ƙasan cikinta inda take ajiye maniyyin namiji bayan barbara, kuma tana iya riƙe shi watanni da yawa kafin ta ga dama ta yi ƙwai, shi ya sa waɗanda suka sayi nau'in tarantula mai suna Grammostola rosea da aka kamo daga dajin ƙasar Chile sukan sha mamaki, ta zauna a gidansu tsawon lokaci ba namiji kawai wata rana sai ga jaka cike da 'ya'ya. Amma fa duk ranar da ta yi saɓa, wannan ma'ajiyar ma fatarta tana fita tare da tsohuwar fata, maniyyin ya tafi ke nan. Saboda haka ka tuna baya, in ta yi saɓa a hannunka kuma tun daga nan ba ta haɗu da namiji ba, ƙwan nan holoƙo ne, ba abin da zai fito. Irin wannan ma kar ka fizge mata shi da ƙarfi a ranar farko, ka bar ta da shi, ko ta cinye ko ta yar, in ta wuce sati biyar zuwa shida tana riƙe da shi ba ta cin abinci sai ka cire mata don kar ta rame a banza. In kuwa kai ka haɗa ta da namiji, ko ka saye ta babba ba ka san tarihinta ba kuma ba ta yi saɓa a wajenka ba, ka ɗauka kawai akwai rai a ciki.

Yanzu gyaran waje. Duk wani abinci mai rai da ya rage a akwatin, gyare ne ko kyankyaso, cire shi da dogon hantsaki in zai ciru ba tare da ka tayar mata da hankali ba, daga nan kuma ka daina ba ta abinci gaba ɗaya har sai an rabu da jakar. Kar tausayi ya kama ka, ta tara kitse a ciki tun kafin ta yi ƙwai, wata ɗaya ko biyu ba ci ba komai ba ne wajen babbar tarantula. Ruwa ne ba a wasa da shi. Kwanon ruwanta kar ya bushe, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka samu sirinji ka cire allurar ka sa ɗan siririn tiyo, ka riƙa zura shi ta hujin iska kana cika kwanon ba sai ka buɗe murfi ba. Sannan ka rufe gefe uku na akwatin da kwali ko baƙin ƙyalle, amma kar ka toshe hujojin iska. In dole sai ka duba, da dare da tocila mai jan haske, leƙe ɗaya ka wuce.

Girgiza ta fi haske damun ta, wannan mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tarantula ba ta gani sosai duk da idanunta takwas, da gashin ƙafafunta take jin duniya, don haka sifika mai duka, janareto a bayan taga, ƙofar da ake bugawa, teburin da ake jingina da shi ana rubutu, duk suna isa gare ta. In akwatin yana irin wannan wajen to abin da ke jijjigar za ka kawar, ita ka bar ta inda take, sai dai in ba makawa, ka ɗauke sau ɗaya da hannu biyu a hankali ka ajiye kar ka sake taɓawa.

Zafin da ake so wajen digiri 24 zuwa 27 ne ga yawancin nau'o'in da ake kiwo. Masu wannan kiwon sun fi yawa a Turai da Amurka, su matsalarsu sanyi ne, shi ya sa shawarwarinsu duk kan na'urar ɗumama waje suke, amma wanda ke zaune a Kano ko Maradi ko Sakkwato matsalarsa akasin haka ce, a watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano yana iya haura digiri 35 kuma wannan yana iya dafa ƙwan a cikin jaka. Nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa-ƙasa nesa da bangon da rana ke duka, kusa da randa ma ya yi, ka sayi ɗan ma'aunin zafi ka ajiye a gefe kar ka dogara da yadda jikinka ke ji. Da hunturu kuma bushewar iska ce abin tsoro, sai ka riƙa zuba ruwa kaɗan a kusurwa ɗaya ta ƙasar akwatin, nesa da inda take zaune, ƙasa ta yi danshi ba caɓi ba. Ita jakar kam ko ɗigo kar ya taɓa ta, jiƙaƙƙiyar jaka fumfuna ce ke binta. Kuma don Allah maganin sauro na fesawa ko na kunnawa, fiya-fiya, hayaƙin turaren wuta, duk a nisanta su da ɗakin, abin da ke kashe sauro yana kashe gizo-gizo. Kiyashi da cinnaka ma maƙiya ne, in suna shigowa ɗakin ka ɗora ƙafafun teburin a cikin 'yan gwangwanaye da ruwa.

Aikin uwa a wannan lokacin yana kama da na kaza mai kwanci ta fuska ɗaya, tana juya ƙwan akai-akai don kar su manne da juna ko na ƙasa su danne, sai dai ita jikinta ba ya ba su ɗumi, gadi ne da juyi da kuma ɗaukar jakar zuwa inda danshi da zafi suka fi daidai. Ba duka ne ma ke juyawa ba, Pterinochilus murinus ta gabashin Afirka da danginta irin su Ceratogyrus manna jakarsu suke yi a jikin saƙa kamar shimfiɗa a rataye, uwar ta zauna a kai tana tsaro.

Daga nan sai shawara babba, ka bar mata har su ƙyanƙyashe ko ka cire ka ƙarasa renon da kanka. In ka bar mata, ka huta da juyi kuma gaskiya ba wanda ya kai ta iya aikin, amma kullum akwai yiwuwar ta cinye, kuma ranar da suka fashe za ka samu ɗaruruwan ƙananan gizo-gizo sun watsu cikin ƙasa da saƙa da hujojin iska, ga uwa a fusace a tsakiyarsu, kamo su ɗaya bayan ɗaya aiki ne ja. In ka cire da wuri kuma, ƙwan da bai nuna ba yana da saurin lalacewa a hannun mutum. Abin da yawancin masu kiwo suka tsaya a kai shi ne tsaka-tsaki, a bar mata kamar kwana 30, sannan a cire, lokacin galibi ƙwan ya riga ya fitar da ƙafafu ya wuce matakin da ya fi haɗari. Ni ma nan na fi karkata, musamman ga wanda wannan ne karonsa na farko. Nau'o'i masu jinkirin girma kamar Brachypelma da Grammostola ka ƙara musu, kwana 35 zuwa 40 ba laifi, haka in ɗakin yana da sanyi. Akwai wadda ba a raba ta da 'ya'yanta da wuri, Monocentropus balfouri ta tsibirin Socotra na ƙasar Yaman, ita uwar ce ke kashe abinci ta bar wa 'ya'yan su ci, sun fi yin kyau a tare da ita. Dalili ɗaya ne zai sa ka cire kafin lokaci, in ka ga ta yar da jakar ta koma wani gefe ta wuni ta kwana ba ta waiwaye ta ba, ko ta jefa ta a kwanon ruwa, ko ta fara huda ta tana ci, to nan ba jira.

Kwana biyu kafin ranar cirewa ka haɗa wajen reno. Ba wani tsada, robar abinci ce mai murfi babba ɗaya da ƙarama ɗaya. A gindin babbar ka shimfiɗa tishu ka jiƙa shi da ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce ya fi. Ƙaramar kuma ka ɗaure bakinta da safar mata mai shara-shara ko wani yadi mai laushi mai wuce iska, ka bar tsakiyar ya ɗan lotsa ciki yadda ƙwan zai taru a wajen, ka riƙe shi da roba mai talewa, sai ka ajiye ta cikin babbar. Murfin babbar ka huda shi da allura mai zafi wuri da yawa, har da gefe-gefe. Manufar ita ce ƙwan ya zauna cikin iska mai danshi amma bai taɓa ruwa ba. In ka ga gumi yana taruwa a murfi yana ɗiga, danshi ya yi yawa, ƙara huji.

Ranar cirewa ka sa safar hannu da tabarau. Yawancin tarantulolin nahiyar Amurka suna da gashi mai ƙaiƙayi a bayan cikinsu da suke karkaɗowa in sun ji tsoro, wasu ma irin su Theraphosa suna saƙa shi a jikin jakar don kariya, in ya shiga ido sai asibiti. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashin amma sun fi gudu kuma dafinsu ya fi zafi, Poecilotheria ta Indiya da Sri Lanka, Heteroscodra maculata ta wajen Togo da Gana, Stromatopelma calceatum ta nan yammacin Afirka, cizonsu yana kawo azaba da ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki, in tsautsayi ya faɗa a tafi asibiti kar a tsaya maganin gida. Ka yi aikin a ƙasa, akwatin a cikin babban baho, ƙofa a rufe, ka ajiye wata roba a kusa ta kife ta in ta fito. Da dogon hantsaki ka kama fatar jakar ta gefe, ba tsakiya ba don kar ka matse ƙwan, ɗaya hannun kuma burushin zane mai laushi kana shafa ƙafafunta na gaba. Za ta riƙe da fiƙoƙinta iya ƙarfinta. Kar ka yi fizga, jakar na iya yagewa ko fiƙarta ta karye, ja kaɗan-kaɗan ka tsaya, ka sake, har ta saki. Za ka ga ta yi ta zagaye tana lalube na kwana ɗaya ko biyu, ba daɗin gani amma yana wucewa.

Buɗe jakar kuma a kan faranti mai zurfi da aka shimfiɗa wa busasshen tishu. Ka tsinci fatar sama da hantsaki ka ɗaga ta yadda ƙwan zai gangara ƙasa, ka yanka ɗan ƙaramin baki da almakashi, saƙar hawa-hawa ce sai ka bi a hankali kana buɗawa har ka ga ciki. Abin da za ka tarar ɗaya ne cikin uku. In ƙwai ne zalla, masu launin ruwan ƙwai ko fari-fari, suna gangarawa kowanne daban, lafiya lau suke amma da saura, ka juye su a kan yadin nan ka riƙa karkata robar a hankali suna mirginawa sau uku zuwa huɗu a rana, aikin uwar ne ya dawo kanka. In ka ga ƙwai da 'yan ƙafafu farare sun fito a jikinsa suna ɗan motsi, alhamdulillahi wannan ake nema, ba sa buƙatar juyi kuma. In kuwa dunƙule ne baƙi mai tauri ko mai wari, ya lalace, amma duba da kyau kafin ka zubar, wani lokaci ana samun masu rai a gefe da za a iya ɓanɓarowa da bakin burushi. Kowace rana ka duba, duk wanda ya yi baƙi ko ya yamushe ko fumfuna ta fara hawa kansa ka ɗauke shi nan take, guda ɗaya yana iya shafa wa na kusa da shi.

Daga ƙwai mai ƙafa, bayan sati biyu zuwa uku za su yi saɓa su fito da siffar gizo-gizo sosai, amma farare ne masu ƙaton ciki, tafiyarsu a hankali, suna cure a waje ɗaya. A wannan matakin ba a ba su abinci, kwanduwar da ke cikinsu ce ke riƙe su. Wasu makonni kuma za ka ga sun fara yin duhu, kar ka tsorata ba mutuwa za su yi ba, sabuwar fata ce da gashi ke nunawa ta ƙasa, saɓa ta gaba ta kusa. Bayan wannan saɓar ne suke zama cikakkun 'yan tarantula masu gashi da gudu da hawa bango, kuma a nan ne suke fara farauta, har da farautar junansu. Gaba ɗaya daga ranar ƙwai zuwa nan ka sa ran wata biyu zuwa uku, ya danganta da nau'i da zafin ɗaki. Tun suna yin duhu ka tabbatar hujojin murfin sun fi jikinsu ƙanƙanta.

To a nan fa ake gane wanda ya shirya. Avicularia takan ba da daga 50 zuwa 200, Tliltocatl albopilosus mai murɗaɗɗen gashi ta Amurka ta Tsakiya ɗaruruwa take yi, Lasiodora parahybana ta Brazil kuwa tana iya haura 1,000 a jaka ɗaya, kuma kowane ɗa sai da robarsa. Don haka tun jakar tana wajen uwa ka fara tara ƙananan robobi masu murfi, faɗin santimita 2 zuwa 3 ya isa, kuma ka fara neman waɗanda za su karɓa. Wasu masu kiwo suna barin su a haɗe na ɗan lokaci su ci juna har adadin ya ragu, ana yi, amma ni na fi son mutum ya yi wannan lissafin tun kafin ya kai mace wajen namiji. Abin da ba zan yarda da shi ba sam shi ne a kwashe su a zubar a bayan gida ko a daji, nau'in wata nahiya ba a sakinsa a ƙasar da ba tasa ba. In kuma tunaninka ka tura wa wani a wata ƙasa, ka sani Brachypelma suna cikin jerin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, Poecilotheria ma an saka su a 2019, ƙetare iyaka da su sai da takardar izini.

Rabawar kanta ba wuya sai dai cin lokaci. Kowace roba ka huda murfinta da siririyar allura, ka zuba ƙasa mai ɗan danshi zuwa rabi, garin ɓawon kwakwa shi aka fi amfani da shi, in ƙasar waje ce to wadda ba taki ba maganin ƙwari. Masu zama a ƙasa ka ɗan yi musu rami da tsinke a gefe, masu hawa bishiya kamar Avicularia ka sa musu ɗan ɓawon itace a tsaye kuma ka yawaita musu huji a gefe don su iska mai tsayawa tana kashe su. Ka bari kamar kwana biyar bayan saɓa jikinsu ya yi ƙwari, sannan ka ɗora robar renon cikin baho, da burushi kake tura ɗaya-ɗaya cikin robarsa ka rufe. Kar ka kama da yatsa ko hantsaki. In da hali ka samu mutum na biyu, ɗaya na turawa ɗaya na rufewa.

Abincinsu na farko, jaririn gyare, ko ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, ko mafi sauƙi ka yanka tsutsar kiwo ko ƙafar gyare gutsi-gutsi ka ajiye musu, 'yan tarantula suna cin mushe ba ruwansu. Sau biyu a sati ya isa, washegari ka cire abin da ya rage kafin ya yi fumfuna. Ƙwarin da aka kamo a gona ko cikin gida ka guje su saboda feshi. Ƙanana ba sa jure ƙishirwa kamar manya, sati-sati ka ɗiga ruwa kaɗan a gefe ɗaya na ƙasar, wanda ka ga ya ƙi ci kuma cikinsa ya yi baƙi yana sheƙi saɓa zai yi, ka ƙyale shi. Wasu za su mutu ko ka yi komai daidai, haka yake ko a daji.

Uwar kuma kar a manta da ita don hankali ya koma kan 'ya'ya. Za ka ga cikinta ya motse sosai, ka cika mata ruwa tun ranar da ka cire jakar, bayan kwana biyu ko uku ka ba ta abinci ɗaya matsakaici, in ta karɓa ka ci gaba sau ɗaya ko biyu a sati har ta murmure. Yawanci bayan wasu watanni za ta yi saɓa, daga nan sai an sake haɗa ta da namiji kafin a samu ƙwai mai rai. Amma wasu kamar Psalmopoeus da Pterinochilus murinus suna iya yin jaka ta biyu da ragowar maniyyin barbarar farko in ba su yi saɓa ba, don haka in ka ga ta sake ƙiba ta fara toshe bakin raminta da saƙa mai kauri, ka daina ba ta abinci, ka mayar da kwalin nan, ka wanke robobin reno ka ajiye a kusa.